Ƙofar Lise da Takardar Haihuwa: Tarihin 'Ya'yan Zongon Lome da Makarantun Gasa

Ga abin da muka kawo muku a filinmu na tarihi, mun sa shi a rubuce saboda waɗanda shirin ya wuce su suna bisa hanya, ko suna daji da dabbobi, ko suna jiran duwan ta sallame su a bakin iyaka. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk shekara, tsakanin watan Yuni da Yuli, in sakamakon jarrabawa ya fito a ƙasar Togo, akwai wani abin da wanda ke zaune a Zongon Agoe ba zai rasa gani ba. Za ka ga dattijo da ambulan a hammata, yau yana meri, gobe yana kotu, jibi yana ofishin daraktan makaranta. Ɗansa ya ci jarrabawa, kuma da maki mai kyau, har malamai sun ce ya kamata ya shiga gasar neman babbar makaranta. Amma an dawo da takardunsa. Dalili? A takardar haihuwa sunan uban yaro Aboubakar, a rajistar makaranta an rubuta Boubacar, a katin uban kuma Garba. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne, kowane Bahaushe ya san Garba shi ne Abubakar. A wurin akawu kuwa mutum uku ne. Kafin a gyara, ranar rufe karɓar takardu ta wuce.

To wannan wahala tana da tarihi, kuma tarihin ya haura shekara 100. In muka bi shi daga tushe za mu ga cewa ƙofar makarantar zaɓe a Lome tun asali ƙunci gare ta, kuma hukuncin wanda zai shiga da wanda zai tsaya waje galibi an riga an yanke shi tun yaro yana goye, tun kafin ya riƙe alƙalamin jarrabawa.

Zongo da nasa karatun

Ku 'yan kasuwar bakin iyaka, Lome garinku ne tun daga haihuwarsa. Wajajen 1880, Turawan Ingila da ke mulkin Gwalkwas, wato Gana ta yau, sun tsananta kuɗin kwastan a gaɓar tekun da ke hannunsu. Sai 'yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, suka tsallake iyaka, suka riƙa sauke kaya a bakin rairayin da babu mai karɓar haraji. Wurin nan shi ne ya zama Lome. A watan Yulin 1884 wakilin Jamus, Gustav Nachtigal, ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa yankin ƙarƙashin Jamus, a 1897 kuma Jamusawa suka mayar da Lome hedkwatarsu.

Fatake Hausawa ba su yi jinkiri ba. Da ma sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa, fata, tufafi da dabbobi, suna dawowa da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, sai attajirai da malamai suka bazu, wasu Kete-Kraci, wasu Kumasi da Ankara, wasu suka gangaro har Lome. Suka kafa zango, kamar yadda suka saba a duk inda ayari ya yada kaya. Daga baya Zabarmawa, Fulani, Yarbawa, Kotokoli na Sokode da mutanen Mango suka haɗu a ciki, Hausa ta zama harshen unguwa.

Kada wani ya ɗauka mutanen nan jahilai ne. A Kete-Kraci, wadda a lokacin take cikin Togo ta Jamus, akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, limami kuma marubuci, wanda ya rasu a 1934. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya zauna gabansa, ya karɓi rubuce-rubuce masu yawa na tarihi da al'adun ƙasar Hausa daga hannunsa, shi ne kuma ya wallafa ƙamus na Hausa a Balin a 1906. Kun ga ke nan Bature ne ya zo ɗaukar karatu a zango.

Zango kuma yana da nasa tsarin tallafin karatu, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna. Maigida, wato fatoman da ke saukar da baƙi masu shanu da masu goro, shi ne ke ba malami zaure. Almajiri daga nesa ya ci a gidansa, ya kwana a shagonsa. Yaron da aka ga yana da kai, attajiri ya ɗauki nauyinsa ya tura shi Kano ko Sakkwato ya ƙaro ilimi. Ba a tambayar takarda, ba a tambayar shekaru. Shaidar malami da mutuncin uba su ne komai. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Makarantar mishan da kujerar akawu

A zamanin Jamus galibin makarantun boko na 'yan mishan ne: mishan na Bremen na Furotesta, da na Katolika waɗanda suka iso a 1892. Makarantun gwamnati ba su taka kara sun karya ba. Arewacin ƙasar kuwa, wajen Sokode da Mango, Jamusawa sun hana 'yan mishan shiga sai gab da ƙarshen mulkinsu. Saboda haka boko ya taru a kudu, a Aneho, Lome da Kpalime.

Uba musulmi a zango ya duba, ya ga makarantar da aka ce ya kai ɗansa a harabar coci take, malamin da ke koyar da lissafi da safe shi ne mai wa'azi ran Lahadi. Sai ya ce a'a. Kuma ba za a ce bai da hujja ba, domin 'yan mishan ba su ɓoye manufarsu ba. Ga shi kuma fatauci yana ci, yaro ɗan shekara 15 ya iya ƙidayar goro, ya iya duba haƙorin sa ya faɗi shekarunsa. Me zai kai shi zaman benci?

Amma abin da ya biyo baya shi ne, Bature ya ɗauki Bahaushe ɗan sanda da soja, ya sayi namansa, ya karɓi harajinsa, kujerar akawu da tafinta da ma'aikacin kwastan kuwa sai ɗan mishan. Iyalan gaɓar teku irin su Lawson, de Souza da Olympio sun riga kowa shiga, 'ya'yansu suka gaji abin. Sylvanus Olympio, wanda aka haifa a 1902, ya fara a makarantar mishan, ya kai har makarantar koyon tattalin arziki ta Landan, ya yi aiki da kamfanin UAC har ya zama babba, daga ƙarshe ya zama shugaban Togo na farko. Gidan da kaka ya yi boko, jika ba ya tsoron jarrabawa. Tazarar ta fara ne tun daga nan.

Faransa ta zo da konkur

A watan Agustan 1914 Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, kusa da Atakpame. Ingila ta riƙe Lome har zuwa 1920, sannan ta miƙa wa Faransa. Faransawa suka zo da tsarinsu: karatu da Faransanci zalla, kuma a jere kamar tsani mai faɗi a ƙasa, siriri a sama. Makarantar ƙauye, makarantar yanki, satifiket, daga nan 'yan ƙalilan su wuce babbar makarantar Lome, cikinsu kuma a tsinci wasu a tura Senegal, makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan.

A nan ne ya kamata mu bambance abu biyu da iyaye da yawa ke haɗawa har yau. Jarrabawa daban, konkur daban. A jarrabawa, ana ba da maki bisa 20, duk wanda ya kai 10 ya ci, ko su dubu nawa ne. Konkur kuwa gasa ce. Kujeru ƙidayayyu ne tun kafin a zauna. In kujera 50 ce, na 51 ya faɗi ko da makinsa 16. Kamar mota ce a tasha: duk mai kuɗin mota fasinja ne, amma in ta cika ta cika.

Wanda ya tsallake konkur a wancan zamani, gwamnati ce ke ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta ba shi wurin kwana, in ya gama kuma aiki na jiransa. Wannan shi ne asalin abin da masu Faransanci ke kira burs, mu muke cewa tallafin karatu. Daga Ponty aka samu Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, Modibo Keita na Mali, Hubert Maga na Dahome, da Diori Hamani na Nijar. A ɓangaren Ingila ma haka take: Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ita ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Makarantu 'yan kaɗan, amma su suka fitar da waɗanda suka karɓi mulki. A wurare da dama sarakuna da masu hali sun ɓoye 'ya'yansu, suka tura na talakawa. Boubou Hama, ɗan talaka daga Foneko a yankin Tera, ta wannan hanya ya shiga boko, ya je Ponty, ya dawo malami, ya ƙare yana shugaban majalisar dokokin Nijar. Waɗanda suka ɓoye nasu sun zo suna gaishe shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Togo ta koma ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946, aka matsa wa Faransa ta faɗaɗa ilimi. A ƙarshen shekarun 1940 aka samu Collège Protestant da Collège Saint-Joseph a Lome, ga makarantar 'yan mata ta Notre-Dame des Apôtres, ga lise ta gwamnati mai sunan Gwamna Bonnecarrère, ga kolej a Sokode. Aka fara tura ɗalibai Faransa da kuɗin gwamnati.

To ina ɗan zongo a cikin wannan? Abu biyu suka riƙa tare shi. Na farko shekaru. Konkur tana da iyakar shekaru, shi kuwa yaronmu sai ya yi nisa a allo, wani ma sai ya sauke, sannan a ce to a gwada lakwal. Ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 10 ko 11, kafin ya kai satifiket ya zama saurayi, ƙofa ta rufe. Na biyu takarda. An haife shi a gida ko a kan hanyar fatauci, an yanka rago, liman ya raɗa suna, unguwa duk ta shaida, amma babu wanda ya je ofis. Shi ya sa in ka duba katin dattawa da yawa za ka ga an rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Akawu ne ya dubi tsawonsa ya yanka masa shekaru.

Ƙofar gabas

Togo ta sami 'yanci ran 27 ga Afrilu 1960. Musulmin ƙasar suka duba, suka ga a ofisoshi ba su da yawa. A 1963 aka kafa ƙungiyar Union Musulmane du Togo, ita ce ta zama bakin musulmi a gaban hukuma, ta hannunta kuma guraben karatu daga ƙasashen Larabawa suka riƙa shigowa. Azhar ta Masar tana karɓar ɗalibai. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ba da gurbi da abinci da kuɗin kashewa. Libiya ta buɗe hannu a zamanin Gaddafi. A 1986 Jami'ar Musulunci ta Say ta fara aiki a Nijar, a garin da tun 1957 aka buɗe madarasa mai haɗa Larabci da Faransanci. A 1997 Togo da kanta ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi.

Wannan ƙofa ta yi wa iyayen zongo daɗi, domin babu fargabar addini, kuma abin da yaro ya koya a zaure yana da daraja a can. Ta fitar da limamai, masu wa'azi da malaman Larabci da muke amfana da su har yau. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: da yawa sun dawo da digiri, suka tarar gwamnati da Faransanci take aiki. Sai an nemi a daidaita takardarsu da ta ƙasa, wani a dace, wani a sha wuya. Mutum ya yi shekara 8 a waje, ya dawo yana koyarwa da albashin da bai kai cinikin mai shago na mako guda ba. Wannan darasi ne ya haifar da makarantun faranko-arab da suka yawaita daga baya, inda yaro ke ɗaukar Larabci da addini, kuma a shirya shi ya zauna jarrabawar gwamnati.

Gyaran 1975 da rusau na 1977

A watan Mayun 1975 gwamnatin Janar Eyadema ta yi wa ilimi garambawul. Aka ce makaranta ta kowa ce, aka shigar da harsunan Ewe da Kabiye cikin manhaja, aka baza kolej-kolej na gwamnati, waɗanda ake kira CEG, har cikin ƙananan garuruwa. Lokacin akwai kuɗi, fosfat yana tsada a kasuwar duniya, ga jami'a an buɗe a Lome tun 1970. Yaran zongo suka fara shiga da ɗan yawa.

Ana cikin haka sai 1977 ta zo. Tsohon Zongo yana tsakiyar gari, dab da kasuwa da ofisoshi da manyan makarantu. Hukuma ta ce tana buƙatar filin, aka rushe unguwar, a wurin ne manyan gine-ginen bankuna suka tashi daga baya. Aka nuna wa mutane sabon fili a arewa, wajen Agoe, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar gari, a bakin babbar hanyar da ta nufi Sinkase. Wasu suka koma can, wasu suka watsu cikin unguwanni suna haya. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar zongon a wannan tsakanin, ya wallafa littafi a kansu a 1983.

Ku auna abin da wannan ya yi wa ɗan makaranta. Jiya da ƙafa yake zuwa aji, yau sai ya nemi mota tun asuba. Uba yana fama da ginin ɗaki, uwa ta rabu da masu sayen abincinta. In aka zo rage kashe kuɗi, karatu ne farkon abin da ake taɓawa. Dattawan da suka ga wannan rana sun ɗauki darasi mai ɗaci: daɗewa a wuri da sanin kowa ba su tsaya wa mutum a gaban hukuma kamar yadda takarda mai hatimi ke tsaya masa. Shi ya sa a sabon Zongo mutane suka dage da neman takardun filayensu. Abin mamaki, da yawa sun yi wa fili takarda, ba su yi wa ɗa ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Farashin fosfat ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa, gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata. A farkon shekarun 1980 yawan yara a makarantun Togo ya ragu, abin da masana irin su Marie-France Lange suka yi nazari a kai. Iyaye sun ga mai digiri yana zaune, suka ce to ina amfanin? A watan Nuwamban 1992 aka shiga yajin aikin gama-gari wanda ya ɗauki wata da watanni, makarantu suka tsaya, jama'a da yawa suka tsallaka Gana da Binin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da alli duk suka yi tsada. Daga wannan lokaci ne makarantu masu zaman kansu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, nagari da na banza, uba kuma ya rasa yadda zai bambance.

Tsanin yau

Yanzu bari mu jera matakan yadda suke, domin wanda bai san hanya ba ko da doki gare shi zai ɓata. Firamare shekara 6 ce, daga CP1 zuwa CM2, a ƙarshenta jarrabawar CEPD. Kolej shekara 4, a ƙarshenta BEPC. Lise shekara 3, kuma a Togo bak biyu ce: BAC 1 a aji na biyu na lise, BAC 2 a ajin ƙarshe. A lise ake raba yara, masu adabi su bi layin A, masu lissafi da kimiyya su bi C ko D, akwai kuma layukan fasaha da na kasuwanci.

Ta fuskar kuɗi an sami sauƙi. Tun shekarar karatu ta 2008 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. A 2021 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin kolej da lise na gwamnati, ta kuma ɗauke kuɗin rajistar jarrabawa. Amma kaki, littattafai, kuɗin zemijan da na malamin da ke bita da yaro a gida suna nan a wuyan uba.

Makarantun gasa ma suna nan. Akwai lise na kimiyya a Lome da Kara, waɗanda ake shiga bayan BEPC. Akwai kolej ta soja mai sunan Eyadema a Tchitchao, kusa da Kara. Tsofaffin makarantun mishan na Lome har yau suna tace waɗanda za su ɗauka, kuma iyaye musulmi da dama yanzu suna kai 'ya'yansu can ba tare da fargabar kakanni ba. Bayan bak kuma akwai ofishin gwamnati mai kula da tallafin karatu, Direction des Bourses et Stages, inda ake sanar da guraben cikin gida da waɗanda ƙasashen waje ke bayarwa. Duk shekara ana fitar da sharuɗɗa, kuma abin da ake dubawa bai canza ba tun zamanin Ponty: maki, shekaru, da takardu. Na gwamnati kuwa sai da takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

A nan ne maganar takardar haihuwa ta zama babba. Dokar Togo ta 2009 ta ba iyaye kwana 45 su kai rahoton haihuwa a ofishin rajista, kuma tun ran 1 ga Janairu 2022 takardar kyauta ce. Mu muna suna ran bakwai. Ke nan bayan an ci naman suna, an watse, saura kwana 38. In suka wuce, sai an je kotu da shaidu a nemi hukuncin da ake kira jugement supplétif, da kuɗinsa da zirga-zirgarsa. Yaron da ba shi da takarda zai iya zama a aji shekara da shekaru, amma in aka zo haɗa takardun CEPD sai ya tsaya cik.

Ga masu ƙafa biyu a ƙasa biyu

Da yawa cikinku gida ɗaya ne amma iyaka ta ratsa shi: uba ɗan Nijar ko Najeriya, uwa haifaffiyar Lome, kawu a Kumasi. Wasu na tsallaka da yara Aflao su yi karatun Ingilishi, musamman tun da Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta a 2017. A can, bayan jarrabawar BECE, kwamfuta ce ke rarraba yara makarantu bisa makinsu da zaɓin da suka cika, tsarin da aka fara tun 2005. Hanya ce mai kyau ga wanda ya shige ta da wuri. Abin da ke kashe yaro shi ne sauye-sauye: shekara 3 Faransanci, shekara 2 Ingilishi, a dawo kuma. Kowane sauyi yana cin shekara, shekarun nan kuwa su ne konkur ke ƙirgawa. Haka nan yi wa yaro takarda biyu a ƙasa biyu, da suna daban da ranar haihuwa daban, dabara ce da ke kama mai ita. Ran da za a nemi fasfo don tallafin waje, ran nan asiri ke tonuwa, kuma yaron ne zai biya.

'Yan'uwa makiyaya, ku naku ya fi wuya, mun sani. Watannin da ake tafiya kiwon rani su ne watannin da ɗan CM2 ke shirin jarrabawa. Amma ku tuna da maigidan da muka ambata a farko. Shi wanda kuke sauka wurinsa in kun kawo shanu kasuwar Adetikope, kuke ba shi amanar kuɗin garke guda ba tare da rubutu ba, ai zai iya riƙe amanar yaro ɗaya na wata 9. Kakanninmu sun yi haka don karatun allo, babu abin da ya hana a yi don duka biyun: allo da asuba da dare, lakwal da rana. A yi magana a fili, a yanka abin da za a riƙa bayarwa na abinci, kuma a tabbata yaron karatu aka kawo shi, kada ya zama ɗan aike.

Iyaye mata, ku ma da ku muke. Sau da yawa kuɗin adashenku da ribar tuwo da masa su ke sayen littafi. Yarinyar da ta kai ajin BEPC da maki mai kyau, shekara 3 kacal suka rage mata ta kai bak. Unguwar da ke kukan babu likita mace ko ungozoma mai jin Hausa a asibiti, daga cikin waɗannan yara za ta same su.

Sannan a yi hattara da dillalan burs. Duk wanda ya ce ka kawo jika kaza zai sa sunan ɗanka a jerin masu tafiya Turkiyya ko Maroko ko Saudiyya, ka tambaye shi a ina aka sanar, ka je da ƙafarka ka gani, ko ka tura ɗalibin da ya iya duba intanet. Tallafin gaskiya yana da sanarwa, yana da ranar rufewa, kuma ba a sayar da shi a bayan masallaci.

Kakanninmu da suka ƙi makarantar mishan sun tsare abin da suka ga ya fi komai, kuma ga shi mun gaje shi. Amma zamanin da suka yi wannan hukunci ya wuce, abin da ke tare 'ya'yanmu yau ƙanana ne, kuma a hannunmu suke. A yi takardar haihuwa kafin kwana 45. A zaɓi rubutun suna guda, na yaro da na uba da na uwa, a tsaya a kansa a kowace takarda. A sa yaro aji ɗaya yana ɗan shekara 6. A nemi takardar ɗan ƙasa tun yana kolej, kada a jira sai an buga sanarwar gasa. A riƙa leƙa makaranta ana tambayar makinsa, ko da uba bai iya Faransanci ba, ai ya san 14 ta fi 9. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, takarda ma tun jariri yana zanen goyo ake yin ta.

Wanda yake da tambaya ko gyara, musamman dattawan da suka zauna tsohon Zongo kafin 1977, ƙofarmu a buɗe take, a aiko mana ta hannun direbobi ko wakilanmu na tasha. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare matafiya, ya ba dabbobi lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.